Rasit ɗin da ke hannun mai saye: kundin aikin haɗa sabobi uku

Litinin, 6 Janairu 2025

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa rubuta abin da muka yi da dalilin yin sa, saboda wanda zai gaje ni kada ya zo yana laluben duhu. Aikin shi ne rumbun bayanan cinikinmu ya daina zama a kan saba ɗaya tilo, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan tana amsa wa sauran na'urorinmu.

Mu dillalan kayan masarufi ne: shinkafa, sukari, man girki, taliya. Babban ofis yana kusa da kasuwar Singa, sito yana Dawanau, akwai reshe a Zariya da wani a Katsina. Duk abin da aka saya ko aka sayar yana shiga manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, siga ta 16, a kan kwamfuta guda da ke ɗaki na ƙarshe a ofis. Makonni biyu da suka wuce, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta har da faifanta. Kwafin ajiyar da muke da shi na daren jiya ne, don haka cinikin safiyar nan kaf ya tafi.

Abin da ya tsaya mini a rai wani dattijo ne mai shago daga Bichi. Ya biya kuɗin buhu 30 na sukari, an ba shi rasit, ya hau mota ya tafi Dawanau ɗaukar kaya, aka ce ba a ga sunansa ba. Ya dawo ofis ya zauna kan benci, ya ninke takardar gida huɗu ya riƙe ta a tafin hannu, tun azahar har bayan la'asar, bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Hajiya mai kula da asusu ta leƙo ɗakina ta ce, “Ɗana, kuɗinsa na cikin durowata, takardarsa na hannunsa. Kwamfutarka ce kaɗai ba ta san shi ba.”

Wannan maganar ita ce ma'aunin aikin. Duk rasit ɗin da aka miƙa wa mutum, dole ya zama yana rubuce a wuri biyu kafin injin ya buga shi. Sauran buƙatun, wato kada ciniki ya tsaya in saba ta faɗi, kuma rahotannin wata su daina danne masu karɓar kuɗi, bayansa suke. Alhaji maigidanmu ya ba ni wa'adi zuwa kafin azumi, wanda ake sa ran kamawarsa farkon Maris, lokacin da cinikin sukari da mai yake ninkawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhamis, 9 Janairu

Yaron da muke aikin tare da shi ya zo da shawara mai daɗin ji: a sa saba a kowane reshe, kowacce ta karɓi rubutu, sai su riƙa haɗa bayanai a tsakaninsu. Na ɗauki alli na zana masa. A sito saura buhu 40 na shinkafa. Layin intanet ya yanke na minti goma. Zariya ta sayar da 40 ɗin, Katsina ma ta sayar da su. Layi ya dawo. Wace saba ce ta yi ƙarya? Babu. Kowacce ta faɗi abin da ta sani. Tsarin haɗa bayanai zai iya zaɓar wanda ya rubuta a ƙarshe ya goge ɗayan, amma ba zai haifo buhu 40 ba, kuma mutum biyu suna tsaye a bakin sito da rasit.

Saboda haka mun tsayar: saba ɗaya ce za ta riƙa karɓar rubutu, ita za mu kira jagora. Sauran mabiya ne, suna kwaikwayonta, ana iya karatu daga gare su amma ba a rubuta musu komai. Jagora a ofis, mabiyiya ta farko a Dawanau, ta biyu kuma wadda za mu yi haya a wata cibiyar ajiye sabobi a Legas.

Yadda kwaikwayon yake gudana yana da sauƙin fahimta ga duk wanda ya taɓa zaman shago. Kafin PostgreSQL ya taɓa ainihin teburan bayanai, sai ya fara rubuta abin da zai yi a wani littafin shiga da fita da ake kira WAL, layi bayan layi, a fayil-fayil masu megabait 16 kowanne. Asalin amfanin littafin shi ne in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, a sake bin sa a gyara. Tun daga siga ta 9.0 da ta fito a 2010 aka ba shi damar kwarara ta waya kai tsaye zuwa wata saba, ita kuma ta riƙa aiwatar da abin da ke ciki bi da bi. Tunda jeri ɗaya suke bi, mabiyiya ba za ta taɓa samun abin da jagora ba ta da shi ba. Abin da kawai zai iya faruwa shi ne ta kasance a baya. Duk wahalar da ke gabanmu tana cikin wannan tazarar.

Asabar, 18 Janairu

Sabar Dawanau ta tashi, amma sai a karo na biyu.

Ranar Alhamis na ɗauki kwafin jagora da pg_basebackup, umarnin da ke kwafe rumbun bayanan gaba ɗaya, a ofis, don na ga ya fi sauri ta waya guda, sannan muka sa kwamfutar a mota. Ba mu samu kunna ta ba sai jiya da yamma, saboda sai da muka liƙe tagogin ɗakin. Hazon bana ya yi yawa, ga ƙurar hatsi ta Dawanau, ka share tebur ka juya ka tarar za ka iya rubuta sunanka a kai. Da ta tashi ta nemi ci gaban littafin daga inda ta tsaya, jagora ta amsa cewa fayil ɗin an riga an share shi. Daidai ta yi, domin babu wanda ya gaya mata akwai mai jira.

Maganinsa shi ne abin da aka ƙaro a siga ta 9.4, wani gurbi da ake buɗe wa kowace mabiyiya da sunanta, jagora ba za ta share komai ba sai mai gurbin ta ce ta karɓa. Na buɗe gurbin, na sake ɗaukar kwafi ta layin rediyon da ke tsakanin ofis da sito, ya ci dare guda.

Da safe na duba pg_stat_replication, shafin da jagora ke nuna halin mabiyanta, na ga layi ɗaya, yana cewa Dawanau tana bi. Na kira yaron a ofis na ce ya shigar da katan ɗaya na taliya na gwaji. Kafin ya gama cewa “na danna” ya bayyana a gabana. Na daɗe ban ji daɗin abu irin haka ba.

Talata, 21 Janairu

Gurbin nan wuƙa ce mai baki biyu. Iska ta karkatar da tasar rediyon sito ranar Lahadi, babu wanda ya lura, jagora ta yi ta tara littafi tana jiran mai gurbi. Yau na tarar faifanta ya kusa cika. Da ya cika, da jagorar kanta ta tsaya, wato abin da muka kawo don kariya shi zai kayar da mu.

Na sa iyaka ga yawan littafin da jagora za ta tara wa mai gurbi, ta saitin max_slot_wal_keep_size da ya zo a siga ta 13. In mabiyiya ta daɗe har ta wuce iyakar, a sallame ta, mu sake gina ta daga baya. Na kuma haɗa ƙararrawa da za ta turo mini saƙo a waya in tazara ta wuce minti ɗaya. Sabar Legas ma ta hau yau, ba ta ba da wahala ba.

Litinin, 27 Janairu

Yau muka zo kan tsakiyar maganar, kuma ba ta fasaha ba ce zalla, shi ya sa na kai ta gaban Alhaji.

A yadda muke yanzu, jagora tana rubutawa a faifanta, ta ce wa mai karɓar kuɗi “an gama”, sannan ta aika wa mabiya. Yawanci tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Amma in ta mutu a cikin wannan ƙiftawar, akwai rasit ɗin da aka buga wanda babu shi a ko'ina. Dattijon Bichi ke nan ya dawo, ko da mutum ɗaya ne ba cinikin safiya guda ba. Hanya ta biyu, wadda ta zo a siga ta 9.1 a 2011, ita ce jagora ta riƙe amsarta har sai mabiyiya ta tabbatar ita ma ta rubuta a nata faifan.

Na ce, “Ranka ya daɗe, kamar bashi ne da shaida. In ka ce ba ka bayarwa sai shaida yana zaune, ba za a taɓa musanta maka ba, amma kullum sai ka jira shi ya iso.” Ya ce, “To wa za mu riƙa jira, na Dawanau ko na Ikko?”

Tambayar ta faɗa daidai. Haske a cikin wayar gilashi yana gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, Kano zuwa Legas kuma kusan kilomita 1,000 ne. Zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 10 ba ko da wa ya shimfiɗa wayar, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A aikace muna ganin 30 zuwa 40, da yamma wani lokaci ya haura 200. Dawanau ta rediyo 2 zuwa 3 ne. Don haka Dawanau ce shaida. Legas za ta riƙa bi a baya ba tare da ana jiran ta ba, amfaninta shi ne ranar da wani abu ya sami Kano gaba ɗaya, Allah ya kiyaye.

Bayan an tashi na gwada: na kunna jiran, na zare wayar rediyo, na shigar da ciniki. Allon ya tsaya cak. Bai ba da kuskure ba, bai ƙi ba, yana jiran shaidar da ba za ta zo ba. Ana iya duba farashi, ba a iya sayarwa. Wanda ya kunna wannan da mabiyiya ɗaya tak ya tafi ya kwanta, ya ninka hanyoyin da cinikinsa zai tsaya, tunda yanzu ko wacce ta faɗi a cikin biyun an tsaya. Akwai buƙatar wani abu da zai riƙa lura yana sassauta jiran in shaida ta ɓace. Zan zo kansa.

Abin da na ji daɗinsa shi ne synchronous_commit, saitin da ke kula da wannan jiran, ana iya saita shi ciniki-ciniki. Biyan kuɗi da fitar da kaya suna jira. Rubutun wane ya shiga manhaja ƙarfe nawa ba ya jira, in ya ɓace babu wanda zai yi asara.

Laraba, 5 Fabrairu

Mun raba nauyi tun ranar Litinin. Manhajar ciniki tana da kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a sito, kowanne da HAProxy, manhajar da ke tura kowace buƙata ga sabar da ta dace, a gabansa mai ƙofa biyu: ƙofar rubutu tana kaiwa ga jagora, ƙofar karatu tana kaiwa ga mabiya. Na sa PgBouncer a tsakani, mai rage yawan masu haɗawa da saba kai tsaye, domin PostgreSQL yana buɗe wa kowane mai haɗawa aikinsa na daban, in suka yi yawa sai ƙwaƙwalwar saba ta ƙare a banza.

Ranar farko masu karɓar kuɗi suka ce abin ya yi sauri. Ranar ta biyu mai tsaron ƙofar sito ya kira ni. Wani direba ya tsaya a gabansa, maigidansa ya biya a Singa ya kira shi ya ce shiga, shi kuma allo yana nuna ba a biya ba. Ya sake dannawa bayan daƙiƙu kaɗan sai ga shi an biya. Ya ce, “Malam, da na kore shi fa?”

Ruwa ba ya tsami banza. Na bi sawu na gano abin da na sani a karatu amma ban auna shi ba: jiran da muka kunna yana tabbatar da cewa rubutu ya sauka a faifan Dawanau, bai tabbatar da cewa an aiwatar da shi har mai karatu zai gani ba. A daidai lokacin Hajiya tana fitar da rahoton ƙarshen Janairu daga sabar Dawanau, rahoto mai nauyi, shi ya tare aiwatarwa. PostgreSQL yana ba irin wannan karatu daƙiƙa 30 yana jira, in bai gama ba ya katse shi. Wato abu ɗaya ya cuci mutum biyu: direba ya ga tsohon labari, ita kuma rahotonta ya yanke sau biyu.

Akwai matakin remote_apply, tun siga ta 9.6, wanda ke jira har a aiwatar. Na yi tunaninsa na bar shi, don zai sa mai karɓar kuɗi a Singa ya riƙa jiran rahoton Hajiya. Dokar da na kafa ta fi sauƙin riƙewa: duk karatun da a kansa za a saki kaya ko kuɗi, daga jagora za a yi shi. Mabiya na duba farashi ne, da neman sunan abokin ciniki, da tarihin watannin baya. Rahotanni masu nauyi na mayar da su Legas, na tsawaita mata lokacin jira, tunda ba wanda ke tsaye a ƙofa yana jiran ta. Na bi manhajar shafi-shafi ina yi wa kowane karatu tambaya ɗaya: in wannan amsar ta tsufa da daƙiƙa goma, wa zai cutu? Shafuka 9 na mayar ƙofar jagora.

Laraba, 12 Fabrairu

Wa zai naɗa sabuwar jagora in ta yanzu ta faɗi ƙarfe biyu na rana ina masallaci? Wannan ne aikin makon nan, kuma shi na fi tsoro.

Naɗawa umarni ɗaya ce. Wuyar ita ce sanin ko jagora ta mutu ne ko kuwa muryarta ce ba a ji. In layi ne ya yanke, Dawanau ta naɗa kanta alhali ta ofis tana nan da ranta tana karɓar kuɗi, an yi sarki biyu a gari ɗaya, kowa da littafinsa. Ba ƙananan wurare kaɗai abin ke kamawa ba. Ranar 21 Oktoba 2018 layi ya yanke wa GitHub, babban kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, na daƙiƙa 43 a gabashin Amurka, na'urarsu ta mayar da jagorancin rumbun bayanansu na MySQL yammacin ƙasar, aka wayi gari kowane ɓangare yana da rubutun da ɗayan ba shi da shi. Daƙiƙa 43 ta jawo musu awa 24 da minti 11 suna gyara.

Mun ɗauki Patroni, manhajar da ke lura da sabobi tana naɗa jagora, wanda kamfanin Zalando na Jamus ya fitar, tare da etcd guda uku, masu riƙe da bayanin wace ce jagora, ɗaya a kowane wuri. etcd yana aiki da tsarin Raft da Diego Ongaro da John Ousterhout suka wallafa a 2014, kuma ginshiƙinsa rinjaye ne: ba a zartar da komai sai biyu cikin uku sun yarda. Jagoranci ya zama kamar sanda ce ta aro mai wa'adin daƙiƙa 30, mai riƙe da ita sai ta riƙa sabuntawa duk daƙiƙa 10. In aka yanke ta daga sauran biyun ba za ta iya sabuntawa ba, sai ta sauke kanta tun kafin a naɗa wata. Na kunna mai gadin da ke cikin Linux, tsarin da sabobin ke aiki da shi, shi ma, wanda zai sake tayar da kwamfutar da ƙarfi in Patroni kansa ya sandare bai sauka ba.

Sai da na fayyace wa Alhaji abin da wannan yake nufi, don kada ya zo masa ba zato. In ofis ya rasa rediyo da intanet a lokaci ɗaya, sabar da ke ɗaki na ƙarshe za ta ƙi karɓar ciniki, alhali lafiyarta ƙalau. Masanin kwamfuta Eric Brewer ya faɗi wannan tun 2000: ranar da layi ya rabu, ko dai ka ci gaba da amsawa ko ka tsare daidaiton bayanai, ba ka samun duka biyun. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce gara a ce wa mutum ya ɗan jira da a sayar masa da buhun da babu. Na sa an buga littafin rasit na hannu don irin wannan rana.

Patroni shi ne kuma mai sassauta jiran shaida da na ambata. Yana da yanayin da ba zai naɗa kowa ba sai mabiyiyar da ake jira, don ita ce aka tabbatar tana da komai. Legas na yi mata alamar kada a naɗa ta, kada kuma a jira ta.

Asabar, 22 Fabrairu, da dare

Gwaji na gaske. Bayan isha'i, mu uku a ofis, Hajiya ta ce sai ta gani da idonta. Yaron ya kunna wani ɗan shiri da ke shigar da cinikin gwaji ba ƙaƙƙautawa yana ajiye lambar duk wanda aka ce masa “an gama”. Na zagaya bayan sabar na kama wayar wuta, na yi bisimilla na fizge.

Fankar ta yi shiru. Allo ya fara jero kuskure. Hajiya tana duban agogon hannunta tana ƙirgawa a fili. A daƙiƙa ta 34 kuskuren ya tsaya, lambobi suka ci gaba, Dawanau ta karɓa. HAProxy yana tambayar Patroni ta ƙofa ta 8008 wace ce jagora, ya juya da kansa. Muka gwada lambobin da shirin ya ajiye da abin da ke Dawanau: babu ɗaya da ya ɓace.

Na mayar da waya. Tsohuwar jagora ta tashi, Patroni ya sa pg_rewind ya datse ɗan abin da ta rubuta wanda bai kai ga kowa ba, ta koma sahun mabiya kafin daga baya a mayar mata da jagoranci. Wannan ya yiwu ne don tun makon jiya na kunna wal_log_hints, saitin da pg_rewind ke buƙata. Ba don haka ba da sai an sake gina ta daga tushe.

Muna shirin tashi Hajiya ta sa yatsa a allo. “Tsaya. Daga 48,211 sai 48,238. Ina 26 ɗin da ke tsakani?” Ni ido na yana kan ko wani abu ya ɓace, ita nata yana kan jeri. Babu cinikin da ya ɓace, lambobi ne suka yi tsalle. Mai ba da lambar jeri a PostgreSQL ba ya rubuta kowace lamba a littafi, yakan yi gaba ya rubuta 32 a lokaci guda don sauri, to mabiyiya daga can gaban take tashi. Ga kwamfuta wannan ba komai ba ne. Ga mai binciken asusu kuwa, rasit 26 da babu su alamar wani ya yage shafi ne, kuma wanda za a fara tuhuma yaran da ke karɓar kuɗi ne, ba saba ba. Ta ce, “Ba zan bari a ɓata wa yaron mutane suna a kan abin da bai yi ba.”

Gaskiya ta faɗa. Lambar da ake bugawa a takarda za ta koma wani ƙaramin tebur, layi ɗaya ga kowane reshe, ana ƙara ta a cikin cinikin kansa. In cinikin bai tabbata ba lambar ma ba ta tafi ba. Zai sa masu karɓar kuɗi na reshe ɗaya su riƙa bin layi na ɗan milisakan, kuma mun iya da wannan.

Laraba, 26 Fabrairu

Yaron ya tambaye ni ko yanzu za mu daina kwafin ajiya tunda muna da saba uku. A'a. Mabiyiya mai biyayya ce, in aka goge tebur bisa kuskure a jagora, kafin ka ce kwabo ta goge nata ita ma.

Na ba shi labarin GitLab, wani kamfani irin GitHub, na 31 Janairu 2017. Wani injiniyansu yana gyaran mabiyiyar PostgreSQL da ta yi baya, da dare, a gajiye, ya share kundin bayanai yana zaton a kan mabiyiya yake, ashe a kan jagora ne. Kusan gigabait 300 suka tafi. Da suka juya ga kwafin ajiya suka tarar pg_dump, mai ɗaukar kwafin, ya daɗe ba ya aiki saboda saɓanin siga, ba wanda ya sani. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan, rubutun awa shidan kuma ya tafi. Sun bayyana komai a fili, kuma ina girmama su a kan haka. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun sa pgBackRest, manhajar kwafin ajiya, yana ɗaukar cikakken kwafi duk Lahadi, yana kuma adana littafin WAL ba yankewa, ta yadda za a iya komawa kowane minti da aka zaɓa. Yau na gwada dawo da na jiya ƙarfe uku a wata kwamfuta daban, jimillar cinikin ta yi daidai da littafin Hajiya. Na kuma sa allon umarni ya riƙa rinewa ja in mutum yana kan jagora, kore in yana kan mabiyiya.

Talata, 4 Maris

An ga wata ranar Juma'a, mun tashi da azumi ranar Asabar 1 ga wata. Layin motoci a sito ya kai bakin titi tun Alhamis. Tazarar Dawanau ba ta motsa ba, ta Legas takan kai daƙiƙa biyu da yamma ta dawo. Ban taɓa komai ba, ba kuma zan taɓa ba sai dole.

Alhamis, 13 Maris

Ta faru da gaske jiya, ƙarfe biyu da kwata, rana tsaka, zafi kamar ya tsaga kai. An ɗauke wuta tun safe, janareta ya ƙi tashi, baturan inbata suka ƙare, ɗakin saba ya mutu. Ina hanyar dawowa daga masallaci saƙo ya shigo. Kafin in hau bene Dawanau ta karɓa, masu karɓar kuɗi sun koma wayoyinsu suna ci gaba. Da yamma Hajiya ta bi rasit ɗaya bayan ɗaya, jeri bai yanke ba, kuɗin durowa ya yi daidai da allo.

Amma ban yi barci sosai ba, saboda abin da na gani da na zauna karanta bayanan Patroni bayan tarawi. Daga biyu da kwata zuwa biyar saura kwata, lokacin da makaniki ya tayar da janareta, Dawanau tana jagoranci ba ta da shaida. Sabar ofis a kashe, Legas kuma ni da hannuna na ce kada a jira ta. Patroni ya yi abin da na saita shi ya yi, ya sassauta jira don kada ciniki ya tsaya. A cikin awa biyu da rabi ɗin nan an buga rasit 212, kowanne an miƙa shi ga mai shi yana tabbace a faifai ɗaya kacal, Legas tana biye a baya ba tare da alkawari ba. Allah ya tsare ba abin da ya sami Dawanau. Amma alkawarin da na rubuta ranar 6 Janairu bai cika ba a wannan tsakanin.

Hanya uku nake gani. A kunna yanayi mai tsauri, ciniki ya tsaya duk lokacin da babu shaida, wanda a watan azumi ba na jin za mu iya ɗauka. Ko a cire wa Legas alamar nan, a yarda da jinkirin milisakan 40 zuwa 200 a irin wannan rana, sai dai dole in gwada in ga ko jiran zai dawo Kano da kansa bayan an gyara. Ko a sayi saba ta huɗu a ajiye a sito a kan wutar sola ta daban, kullum shaidu biyu ne a Kano, a ce amsar ɗaya daga cikinsu ta wadatar, abin da PostgreSQL yake iyawa tun siga ta 10.

Ni ta ukun nake so. Ranar Asabar da dare zan gwada ta biyun a matsayin riƙon ƙwarya zuwa bayan Sallah. Gobe bayan sallar Juma'a zan kai wa Alhaji farashin sabar da na baturan, tare da jerin rasit 212 ɗin.